Yadda za ku kai yaro ko matashi wurin likitan ƙwaƙwalwa

1. Kafin ku fita, ku rubuta abin da kuka lura da shi da ranar da ya fara: rashin barci, ƙin abinci, janyewa daga abokai, ko fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa. Ƙuncin da ya wuce mako 2 ba na jira ba ne.

2. Ku yanki kati a asibitin gwamnati mafi kusa. Zazzaɓi mai zafi da farfaɗiya kan rikita yaro, shi ya sa ake fara duba jiki, sannan a tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware ko Maiduguri, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

3. Wanda ya fi zama da yaron shi zai raka shi, da duk magungunan da ya sha, har na gargajiya.

4. Ku bar matashi ya keɓe da likita. Ba zai faɗi maganar tramol a gaban mahaifinsa ba.

5. Maganin ciwon damuwa kan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ga sauƙi. Kada ku tsayar da shi sai likita ya ce, don ciwon kan dawo.

Idan ya ambaci kashe kansa, ku ɓoye piya-piya da wuƙaƙe, kada a bar shi shi kaɗai, ku kai shi sashen gaggawa yau ɗin nan.