Yadda ake shiga Rotary tunda ba fom ake saya ba

Mutane na yawan tambayata wai ina ake sayar da fom ɗin Rotary, ƙungiyar nan ta duniya mai ayyukan taimakon al'umma, to gaskiya babu wani fom da za ka saya kamar na JAMB, gayyatar mutum ake yi. Wani memba ne zai kai sunanka ya tsaya maka, kusan kamar yadda ba ka zuwa neman aure kai kaɗai sai da wanda ya san ka.

Abu na farko ka nemo kulob ɗin da ke garinku, kuma mu a arewa ba baƙon abu ba ne, kulob na farko a duk Najeriya a Kano aka kafa shi a 1961, kuma daga kulob ɗin Kanon ne Jonathan Majiyagbe ya fito ya zama shugaban Rotary na duniya a 2003. In ka san wani memba ka ce ya tafi da kai mitin a matsayin baƙo, ka je sau biyu sau uku, ka zauna ka saurara, ka ga su waye, me suke tattaunawa, nan ne ma duk jita-jitar da ka ji a gari za ka auna ta da idonka.

Amma wallahi abin da ya fi jawo gayyata shi ne aiki. Ranar da za su fita rigakafin shan inna ko kai kaya asibiti ko duba rijiyar burtsatse, ka fito, ka ɗauki kwali, ka tsaya a rana tare da su. Tun 1985 suke fama da shan inna har aka ayyana Afirka ta rabu da nau'inta na asali (wild polio) a 2020, mutanen da suka yi wannan wahalar suna gane mai son aiki da mai neman a ɗauke shi hoto.

In wani ya kai sunanka, shugabannin kulob za su duba sana'arka da halinka, sai a sanar da sauran membobi ko akwai mai ƙorafi, in babu sai a sa ranar karɓarka a maƙala maka bajo.

Kafin ka ce eh don Allah ka tambayi kuɗi, kar kunya ta hana ka. Akwai kuɗin shekara, wani kaso na uwar ƙungiya da dala ake lissafa shi, ga gudummawar ayyuka, ga lokacin mitin. Na ga waɗanda suka shiga da ɗoki wata shida suka ɓace, abin ba daɗi ga wanda ya tsaya musu.

Mata ma na shiga tun 1989. In kuma kai ɗalibi ne ko aljihu bai kai ba tukuna, ka fara da Rotaract, wato ɓangaren matasa na Rotary, daga shekara 18 ake shiga kuma kuɗinsu da sauƙi.