Babi na Shida: Idan Fitilar Inji Ta Kama

Darasi na 1: Gane fitilar

Zauna a kujerar direba. Murɗa makulli har fitilun da ke bayan sitiyari su kama, amma kada ka tada mota tukuna. A cikinsu akwai wata ruwan ɗorawa mai zanen inji. A wasu motoci an rubuta CHECK ENGINE a jikinta, a wasu CHECK kawai. Ɗora yatsanka a kanta. Ita muke magana a kai.

Yanzu tada mota. Idan inji lafiya lau yake, fitilar za ta mutu nan da nan. Idan kuwa tun farko ba ta kama ba, to ko dai ƙwanta ya ƙone, ko wani ya cire shi don ya ɓoye ciwon motar. Mai shirin sayen motar hannu ya riƙe wannan da kyau.

Kada ka rikita ta da jar fitila mai zanen 'yar buta tana ɗiga. Waccan ta man inji ce. Idan ta kama kana tafiya, tsaya ka kashe mota a wurin.

Fitilar inji iri biyu take kamawa. Idan ta kama ta tsaya cik, kuma mota na tafiya daidai, kana iya lallaɓawa zuwa gareji. Idan tana ƙyaftawa, mota na karkarwa, ƙarfinta ya ragu, to akwai silindar da ba ta ƙona mai. Ɗanyen fetur na gangarawa cikin salansa, zai ƙona katalis, tukunyar nan mai tace hayaƙi, kuma tana da tsada ƙwarai. Ko ka ɗauko lodi daga Aboabo za ka Kejetia a cikin Kumasi, ba fasinja haƙuri ka sauke su.

Darasi na 2: Kwafe lambar ciwo

Mota tana da ƙaramar kwamfuta a cikinta. Duk lokacin da ta kunna fitilar nan, tana ajiye lamba mai nuna inda ta ga matsala. Tun shekarar 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka suke zuwa da soket na karanta wannan lamba, kuma yawancin waɗanda ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Tema suna da shi. Durƙusa ka leƙa ƙarƙashin sitiyari, wajen gwiwar direba. Za ka ga soket mai ramuka 16, takwas a sama, takwas a ƙasa. A nan mai wayarin zai jona na'urarsa. A Suame Magazine, unguwar garejojin Kumasi, ba a rasa masu ita.

Aikinka ɗaya ne: ka tafi da biro da takarda, ka kwafe abin da na'urar ta nuna kafin a goge. Ka ce masa, "Maigida, don Allah dakata in rubuta." Ba abin kunya ba ne. Motarka ce, kuɗinka ne.

Lambar tana da harafi ɗaya da alƙaluma huɗu. Ga misali:

P0301

Ɗora yatsa a hagu. Na farko harafi ne, P. Na biyu sifili. Na uku 3. Na huɗu sifili. Na biyar 1. Ƙirga su: biyar. Rubuta a littafinka. Sake ƙirgawa. Biyar ne? Madalla, ka yi daidai.

Waɗanda suka yi karatun allo hannunsu ya saba farawa daga dama. Ba laifi, sabo ne. Amma a nan daga hagu ake farawa, kuma P ita ce a gaba kullum idan ciwon na inji ne ko na giya. Wannan zagayen da ke bin P sifili ne, ba harafin O ba. Kada ka bar shi don kana ganin ba shi da daraja.

Mu sake. Ga wata:

P0171

P, sifili, 1, 7, 1. Rubuta. Rufe littafin nan, ka karanta naka da ƙarfi. Buɗe ka gwada su ɗaya bayan ɗaya, yatsa a kan wannan, yatsa a kan wancan. Idan ka kuskure, soke ka sake a ƙasa. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga dalilin da ya sa nake nanatawa. P0171 na nufin iska ta yi wa inji yawa, mai ya yi kaɗan. Idan ka juya biyun ƙarshe ka rubuta P0117, ka koma maganar sansa mai auna zafin ruwan inji. Mai kayan gyara zai ba ka abin da takardarka ta ce, ka biya, a ɗaura, mota ta ci gaba da karkarwa.

Duk da haka har yanzu ana kawo mini takarda an rubuta 301 kawai, ko P31. Wani ma ya ce a ka ya riƙe. Haba Alhaji! Kai da ke riƙe lissafin kuɗin mota na mako guda, alƙaluma huɗu ne za su gagare ka? Gaggawa ce kawai, da jin nauyin yaron gareji. Wasu kuma sun je sun cire kan batir, fitila ta mutu, suna murna. Sun goge lambar, ciwon yana nan, gobe ko jibi fitila za ta dawo. Na gaji da faɗin wannan. Kada a cire batir, kada a bari a goge, sai an rubuta. Harafi ɗaya, alƙaluma huɗu, daga hagu, a ƙirga biyar. Idan lambobin biyu ne ko uku, kowace da layinta, a sa kwanan wata a gefe.

Darasi na 3: Filogi da koyil

Yawancin ƙananan motoci irin Toyota Corolla silinda huɗu gare su. P0301 na cewa silinda ta 1 ce ba ta ƙona mai daidai, P0302 ta 2, haka har P0304. P0300 kuwa ba ta tsaya a kan silinda ɗaya ba.

Wuri kawai lambar take nunawa, ba ta ce ga abin da za a saya ba. Sa bakanike ya kwance filogin silindar ka gani da idonka. Idan bakinsa ya cinye, ko ya yi baƙi, ko ya jiƙe da mai, a canza. Idan filogi na da kyau, a musanya koyil ɗin silinda ta 1, wato abin da ke ba filogi wuta, da na ta 2, a tada mota, a sake jona na'ura. In lamba ta koma P0302, koyil ɗin ne ya lalace, shi kaɗai za ka saya. Ka rubuta sabuwar lambar ita ma.

Darasi na 4: Iska

Da hunturu ƙura na toshe matatar iska. Buɗe bonet, ciro ta, ɗaga ta wajen rana. In haske bai ratsa ba, sayi sabuwa. Ta takarda ce, ba a wanke ta da ruwa. Idan lambarka P0171 ce, a duba robobin iska ko wani ya tsage.

Darasi na 5: Murfin tanki

Murfin da bai rufu sosai ba yana iya kunna fitilar. Murɗa shi har ya yi ƙara. Fitilar kan ɗauki 'yan kwanaki kafin ta mutu.

Aikin gida

Kwafe waɗannan sau biyar-biyar: P0300, P0304, P0420. Nemo soket ɗin motarka, ka ƙirga ramukansa. A zo da littafi da biro ranar Asabar.