Kafin ka kai tsohuwar mota wajen mai fenti

Motata ta girme ni. Volkswagen Beetle ce ƙirar 1969 mai injin 1300, kuma ranar da na saye ta shekararta shida a ajiye, tayoyi sun lotse, ɓeraye sun yi gida a bayan kujera. Kuskuren farko da na yi shi ne wanda kusan kowane sabon shiga yake yi, na kai ta wajen mai fenti. Wata biyu ana gogewa ana fesawa, ta fito shuɗiya shar tana ɗaukar ido. A fitarmu ta uku na ji wari, na tsaya a gefen hanya, na ɗaga murfin baya, inda injinta yake, sai ga fetur yana ɗiga daga tiyo, ɗis, ɗis, a kan distirbuta, daidai inda wutar filogi take rarrabuwa. Da Allah bai sa na tsaya ba, da fentin da motar duk sun zama toka. Tun daga ranar na sake tsari: birki da fetur da waya su ne gaba, inji ya biyo baya, kwalliya kuwa sai an gama da kowa.

Amma bari in fara daga saye, tunda a nan ake shuka yawancin baƙin cikin. Ƙungiyar FIVA, wadda ke haɗa kan masu tsofaffin motoci na duniya, tana ƙirga mota a matsayin ta tarihi idan ta kai shekara 30. Shekaru kaɗai ba su sa mota ta cancanci wahalarka ba. Ni shawarata ga mai farawa ita ce ya nemi motar da aka ƙera da yawa, don kada kayan gyara su gagare shi. Beetle ta wuce tarihin yawan ƙerawa na motar Ford Model T a watan Fabrairun 1972, kuma ba a daina ƙera ta ba sai ranar 30 ga Yulin 2003 a Puebla ta ƙasar Meziko, bayan an yi fiye da miliyan 21. Shi ya sa har yau kusan kowane ƙusa nata yana samuwa. Mercedes W123 da Peugeot 504 su ma haka suke, an yi su da yawa, masu sanin cikinsu ba su ƙare ba. Wanda ya fara da motar da aka ƙera ɗari biyar kacal, zai shekara yana neman gilashin fitila ɗaya.

Idan ka je duba mota, ka tafi da tocila da maganaɗisu da tsumman da za ka kwanta a kai. Kada ka bari mai ita ya tayar maka da inji tukuna, don ƙarar inji tana ɗauke hankali. Shiga ƙarƙashi ka nemi tsatsa. Inji ana sauke shi a gyara a mayar cikin 'yan kwanaki, amma tsatsa ba ta da ƙarshe, abin da ka gani a fili kaɗan ne daga abin da ke ɓoye. A Beetle wuraren da take fara ci su ne ƙarfen da ke bi ta ƙarƙashin ƙofofi, wanda iskar hita ke ratsawa ta cikinsa, da daɓen da batir ke zaune a kai, da ramin safaya. Bi jikin motar da maganaɗisun. Inda ya ƙi kamawa, an cika wurin da ƙullun fanel bita an rufe da fenti. Sannan ɗaga kujerar baya ka karanta lambar shasi a kan tudun tsakiya, ka gwada ta da ta takarda. Daga 1965 lamba ta uku ita ce ke nuna shekara, tawa da 119 ta fara, wato 1969. Abu na ƙarshe, kama fulin ƙasa na inji da hannu biyu ka ja ka tura. Idan kana jin yana ƙwanƙwasawa gaba da baya, injin ya gaji, ka sa wannan a lissafinka tun kafin ciniki.

To ka saya, an jawo maka ita gida. Hannunka zai riƙa ƙaiƙayi ka murɗa makulli. Haƙura. Injin da ya shekara a kwance ya bushe ƙayau, man da ke jikin silinda ya tsiyaye tuntuni, zoben fistin wataƙila ya manne. Cire filogi huɗun, ka zuba kamar cokali ɗaya na baƙin mai a kowane rami, ka bar shi kwana biyu. Bayan nan ka sa sufana ka juya injin da hannu, a hankali. In ya cije, kada ka yi masa ƙarfi, ƙara mai ka ƙara jira. Idan ya juya, ka tsiyaye tsohon baƙin mai ka zuba sabo, ka zubar da tsohon fetur gaba ɗaya (za ka gane shi da warinsa, kamar na tsohon fenti), ka wanke kafireto. Sai ka buga kik ba tare da filogi ba har fitilar mai ta mutu, alamar mai ya zaga ke nan. Sannan ne za ka mayar da filogi ka tayar. A mota mai sanyaya inji da iska irin Beetle, ka leƙa cikin rumfar fanka kafin duk wannan. Sheƙar ɓera da na ciro daga tawa ta cika bokiti rabi, kuma da na tayar da ita a haka da injin ya dahu cikin minti goma.

Yanzu ga inda nake so ka daɗe. Duk wani tiyon fetur da ke jikin motar, cire shi ka yar, ko da kuwa idonka na gaya maka lafiyarsa lau. Roba tana tsagewa ne daga ciki, kuma irin tiyon nan mai rigar zare yana ɓoye tsagar har sai ya jiƙe. Fetur na zamani a ƙasashe da yawa ana gauraya shi da etanol, wanda ke cin tsohuwar roba, yana kuma jan ruwa daga iska ya tara shi a gindin tanki. Saboda haka ka sayi tiyon da aka rubuta yana jure etanol, ka ɗaure kowane baki da kilif. A Beetle akwai ƙaramin bututun tagulla da fetur ke shiga kafireto ta cikinsa, dannawa kawai aka yi aka shigar da shi, kuma da tsufa yakan zame ya fito da tiyon a jikinsa, famfo ya ci gaba da feshin fetur a kan inji mai zafi. Girgiza shi da yatsa ka ji. Matatar fetur ta roba da mutane ke son ratayawa tsakanin famfo da kafireto, nauyinta ne ke taimakawa wajen zare bututun nan, don haka ni tawa na mayar da ita ƙarƙashin tanki. Ka sayi tukunyar kashe gobara ka ɗaure ta inda hannunka zai kai kana zaune, ba can cikin but ba.

Batir ma yana da nasa tarkon. A ƙarƙashin kujerar baya yake, kuma kujerar cike take da sifirin ƙarfe. Idan babu murfi a kan tashar batir, mutum mai jiki ya zauna, sifirin ya taɓa, sai hayaƙi. Murfin roba ƙarami ne ke raba ka da wannan. Ka kuma bi wayoyi da ido, duk inda wani ya ɗaure waya da salatif ko ya maye gurbin fis da guntun waya, gyara shi yau.

Birki kuwa ba a yi masa kwaskwarima, sabuntawa ake yi. Man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana shan ruwa daga iska, ruwan ya sa tsatsa a cikin silindar ƙafa, ya kuma rage zafin da man ke iya ɗauka kafin ya tafasa. Shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu, ko an hau motar ko ba a hau ba. Kada ka gauraya su da DOT 5, shi na silikon ne, ba sa haɗuwa. Tiyoyin birki na roba huɗu su ma su tafi, don sukan kumbura daga ciki su riƙe birki a ƙafa ɗaya. Taya kuma kada zanenta ya ruɗe ka. Nemi lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2315 na nufin mako na 23 a 2015. Idan lambobi uku ka gani, an yi ta kafin shekarar 2000. Tayar da ta kai shekara goma ta gama aiki ko ba ta taɓa taka kwalta ba.

Daga nan abin ya zama na yau da gobe, kuma a nan daɗin yake. Injin Beetle ba shi da matatar mai irin ta motocin yanzu, ɗan rariya ne kawai a ƙasa mai noti shida, kuma lita 2.5 kacal yake ɗauka. Don haka duk kilomita 5,000 nake canzawa, ko sau ɗaya a shekara in ban kai ba. A rana ɗaya nake saita bawul, da sassafe, inji da sanyinsa na kwana. Tazarar milimita 0.15 ce, kuma fila geji, siririn ƙarfen auna tazara, ya kamata ya ratsa da ɗan ja kaɗan, kamar kana zare takarda daga ƙarƙashin littafi. Bawul mai ƙara ba ya tsorata ni, wanda ya yi shiru shi ne abin tsoro, don idan ya matse ba ya zama sosai ya sauke zafinsa, sai ya ƙone. Silinda ta uku ta fi kowacce shan zafi a injinan wancan lokacin, saboda na'urar sanyaya mai tana tsaye a hanyar iskarta. Ina da ɗan littafi a aljihun mota da nake rubuta abin da na tarar kowane lokaci. Idan bawul ɗaya ya riƙa matsewa sau biyu, sau uku a jere, yana miƙewa ne, kuma gara ka sauke kan inji da kanka kafin ya tsinke ya faɗa kan fistin. Tazarar kontak na cikin distirbuta kuma milimita 0.4 ce. Fambel, danna shi da babban yatsa, ya lotsa kamar santimita ɗaya da rabi.

Fambel ɗin nan ka ɗauke shi da muhimmanci. Shi ke juya dinamo, dinamo kuma shi ke juya fanka. Idan fitilar caji ta kama kana tafiya, kada ka ce bari in ƙarasa gida, tsaya nan take ka duba. A jakar da ba ta barin motata akwai fambel, kontak, kondensa, fis, wayar totur, da sufanu kaɗan. Ba su cika ledar hannu ba, amma sau biyu suna hana ni kiran janwe.

Wani abokina yakan ce ni makanike ne da ya ɓata hanya. Ba haka ba ne, akwai abin da ba na taɓawa: walda, cikin giyabos, da saitin ƙafa. Waɗannan na mai sana'a ne, kuma in ka samu dattijon da ya yi zamani da irin motar, riƙe shi hannu bibbiyu, ka riƙa tsayawa kusa kana kallo in ya yarda.

Tuƙi kuma sai ka sake koyo. Ba ABS mai hana taya cijewa in an taka birki, ba jakar iska, sitiyari ƙarfin damtsenka ne. Birkin ganga yana gajiya idan ya yi zafi, don haka a doguwar gangara ka sauko giya ta uku ko ta biyu, inji ya riƙe ka. Bar tazara ninkin wadda ka saba. Nauyin Beetle a baya yake, shi ya sa iskar tayoyin gaba take ƙasa da ta baya sosai, kuma mai faci da bai sani ba zai cika su daidai wa daida, motar ta riƙa rawa a hanya. Rage gudu kafin ka shiga kwana, kada ka ɗage ƙafa daga totur farat ɗaya a tsakiyarta, don gindin zai so ya wuce gaba. Babbar mota in ta gifta ka za ka ji iska ta ture ka, riƙe sitiyari da hannu biyu kawai, kada ka yi kokawa da shi.

Abin da ya fi kashe irin waɗannan motoci shi ne ajiya. Masu tayar da inji minti biyar a gareji kowane mako suna ganin alheri suke yi, alhali ruwa suke tarawa a salansa da cikin baƙin mai, tunda injin bai yi zafin da zai ƙone shi ba. In ka buɗe murfin mai ka ga wani farin abu mai kauri kamar man shafawa, shaidar ke nan. Ni duk mako biyu nake fita da ita na aƙalla rabin awa, in shiga dukkan giyoyi, in taka birki sosai, in kunna fitilu da hon. Idan tafiya ta kama ni na wata biyu ko uku, sai in ƙara wa tayoyi iska, in cire wayar batir, in sa katako a ƙafa maimakon birkin hannu, don yakan manne da ganga. Ba na rufe ta da leda ko tamfol, gumi suke riƙewa. Tsohon zanen gado nake yafa mata, in bar gilashi a buɗe kamar faɗin yatsa, in cusa tsumma a bakin salansa biyun saboda ɓeraye, sannan in manna takarda a sitiyari mai cewa "cire tsumma", don na taɓa mantawa.