Sayen Tsohuwar Fijo 504: Abin da Za Ka Duba Kafin Ka Yi Tayi

Wanda ya tashi neman tsohuwar mota a Arewa don sha'awa, ba don haya ba, da wuya ya tsallake Fijo 504. A 1968 ta fara fitowa a Faransa, ta zama gwarzuwar motar Turai a 1969, sannan masana'antar Fijo ta Najeriya, wato PAN, da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta yi ta harhaɗa ta kusan shekara talatin, har bayan Faransa ta daina ƙera salun ɗinta a 1983. Saboda haka motar na nan, kayanta na nan, makanikan da suka san ta ciki da bai ma ba su ƙare ba. Matsalar ita ce mafi yawansu sun sha lodi a tasha har sun gaji, an yi musu kwaskwarima sau ba adadi. Aikin mai saye shi ne ya tsamo wadda gangar jikinta da takardunta suke lafiya. Inji ana gyara shi a kowane gari. Bodin da tsatsa ta cinye ko haɗari ya karkatar, wannan kuɗinka ne zai bi ruwa.

Fara da sanin wace iri ce a gabanka, don farashi daga nan yake tashi. Akwai salun mai ƙofa huɗu, akwai wagon wadda wata ke da layin kujeru uku, akwai a-kori-kura. Salun ɗin farko-farko irin GL da TI kowace ƙafar baya tana motsi ita kaɗai, kuma birkin faifai ne a ƙafa huɗu. GR da SR na baya-baya, da wagon, aksul ɗaya ne miƙaƙƙe a baya, da birkin ganga a ƙafafun baya. Injin fetur iri biyu ne aka fi gani: 1796cc da 1971cc. Mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen sama, waɗanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya ƙera wa jiki daga 1969 zuwa 1983, su ne masu tsada a Turai, musamman mai inji V6. Idan ka ci karo da ɗaya a wani gareji, lissafinta daban ne gaba ɗaya. Ga masu tara tsofaffin motoci a duniya, ƙungiyarsu ta FIVA ta sa shekara 30 a matsayin mafi ƙarancin shekarun da mota za ta kai kafin a kira ta ta tarihi, kuma sai tana nan a kan asalinta. Wato 504 ta 1980 da ta farkon shekarun 2000 ba aji ɗaya suke ba, ko da ta ƙarshen ta fi lafiya.

Je ganin mota da safe, da hasken rana, kuma kar a wanke ta kafin ka zo. Tafi da tocila, da ƙaramin mayen ƙarfe da ka naɗe a ƙyalle, da sukundireba, da tabarmar da za ka kwanta a kai, da makanikinka, ba na dillali ba.

Salun da wagon ba su da shasi daban. Bodin ne ke ɗauke da komai. Shi ya sa tsatsa a wasu wurare ba maganar kyau ba ce, maganar ƙarfin mota ce. Ɗaga bonet ka dubi kan da shokazoba na gaba ke ɗaure, hagu da dama. Idan ka ga tsagewa, ko facin walda, ko ƙarfen ya kumbura sama, motar ta sha ramuka da lodi. Dubi mazaunin batir, inda ruwan batir ke zuba ya ci ƙarfe. Ɗage kafet ɗin ƙasa gaba da baya ka danna da kan sukundireba. Ƙarfe mai lafiya ba ya lotsawa, ba ya ɓarɓashi. Bi ƙarƙashin ƙofofi da dogon ƙarfen da ke ƙasansu, da gindin gilashin gaba inda roba ke riƙe ruwa, da ƙasan but. Sannan ka kwanta ka haska inda ƙafafun baya ke haɗuwa da bodi. Wurin nan ne masu saye suka fi mantawa, kuma gyaransa ya fi ko'ina wahala, domin idan walda ta kauce ko da kaɗan ne, motar za ta riƙa tafiya a karkace tana cin taya.

Sabon fenti mai sheƙi a kan mota mai shekara arba'in sau da yawa kyan ɗan maciji ne. Bi jikin da mayen ƙarfe a hankali: inda ya kama da ƙarfi ƙarfe ne, inda ya saki ko ya yi sanyi an cika fila, wato ƙullun da ake cike lotsawar bodi da shi. Fila kaɗan a kan ƙofa ba abin tashin hankali ba ne. Fila a ginshiƙin rufi ko a kusurwar gilashi alama ce motar ta taɓa kifewa. Dubi tazarar da ke tsakanin ƙofa da bodi, da tsakanin bonet da fuka-fukan gaba, ya kamata hagu da dama su zo ɗaya. Ƙofar da sai an ɗaga ta take rufuwa, ko dai hinjinta ya ci, wanda ƙaramin aiki ne, ko bodin ya lanƙwashe. A nan motar da ta yi rayuwarta a Katsina, Sakkwato ko Damagaram ta fi ta Legas ko Fatakwal, saboda bushewar iska. Sai dai rana na karɓar nata kason: dashbod ya tsattsage, robobin gilashi su bushe, kujeru su ƙone. Kar ka raina waɗannan. Fistin da ringi za ka samu a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano cikin yini guda, amma dashbod marar tsaga, fitilun gaba na asali, bamba mai ƙyalli da ba ta lotsa ba da tambarin zaki na ainihi sai an yi yawo, wani lokaci sai ka sayi wata matacciyar mota dungurungum saboda su.

Kafin a tayar da inji, ɗora hannu a kansa. Idan da ɗumi, an riga an tayar da shi don a ɓoye wahalar tashi ko hayaƙin farko. Ka dawo wata safiya. Zaro sandar baƙin mai. Mai da ya yi kauri fiye da kima yana nufin an zuba shi ne don ya danne ƙara da hayaƙi. Mai da ya koma ruwan madara, ko farin kumfa a ƙarƙashin murfin zuba mai, ruwa ne ya shiga. A injin 504 wannan na da hanya biyu: gaskit ɗin kan silinda, ko kuma hatimin gindin silif, domin silindojinta hannun riga ne da ake zarewa, ruwa na zagaye su kai tsaye. Kan injin alminiyam ne a kan bulok na ƙarfe, zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya karkatar da shi. Buɗe murfin lagireto tun inji na sanyi, a tayar, ka zuba ido: kumfa da ke ta tasowa ba tsayawa yana nuna iskar silinda na shiga ruwa. Ruwa ja mai tsatsa kuwa shaida ce an daɗe ana zuba ruwan rijiya zalla.

Hayaƙi ma yana magana. Shuɗi da ke fita lokacin tashi kawai ya ɗauke, robobin bawul ne. Shuɗi idan an taka totur, ringi ne. Baƙi, kafireto ne ke ba da fetur fiye da kima, gyaransa ba tsada. Fari da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ruwa ne. Fitilar mai ta mutu nan take da tashin inji, kuma kar ta riƙa ƙyaftawa idan ya yi zafi yana sulo. Idan ba ta kama ba sam lokacin da aka murɗa makulli, to wani ya cire wayarta, ka tambayi dalili. Idan makanikinka na da ma'aunin matsin silinda, a cire fulogi huɗun duka, a buɗe totur, a gwada. Bambancin da ya wuce kashi 10 cikin 100 tsakanin silinda da silinda na nufin za a buɗe inji. Fulogin 504 a cikin dogayen bututu suke, kuma mai kan taru a ciki idan robobin sun mutu, abin da ke sa inji ya riƙa tsallake wuta alhali lafiyarsa ƙalau.

Motar da ta shekara biyar ko goma a ajiye, kar ka yarda a sa mata batir a yi ta kik. A cire fulogi, a zuba cokali ɗaya na mai a kowace silinda, a juya injin da hannu tukuna. A zubar da tsohon fetur, a duba wayoyin da ɓera ya ci. Kuma idan har za a cire kan silinda, a danne silif ɗin da washa da kusoshi kafin a juya karanshaf, in ba haka ba za su ɗaga, hatimin ƙasa ya lalace, ƙaramin aiki ya zama babba.

A gwajin hanya, nemi titi mai ɗan gargada da kuma miƙaƙƙe. Giya ta biyu ce ke fara gurnani idan giyabos ya tsufa. Saki totur farat ɗaya a kowace giya ka ga ko za ta fice da kanta. Kukan da ke tasowa daga baya yana ƙaruwa da gudu na aksul ne. Farfelar 504 a cikin bututu take, ba a ganinta, don haka girgizar da kake ji a ƙarƙashin kujera ita ce kaɗai za ta gaya maka halin da take ciki. Wannan tsarin ne kuma ya sa canza kuloci ya fi na sauran motoci cin lokaci. Lambar mita kuwa kar ka dogara da ita. Abin taka birki da na kuloci da suka sule, da kujerar direba da ta zurma, sun fi ta faɗin gaskiya.

Takardu kafin ciniki. Lambar shasi da ke kan farantin cikin ɗakin inji da wadda aka buga a jikin ƙarfe su yi daidai da ta takarda, harafi da harafi; wurin da aka goge ko aka yi wa walda kusa da lambar ya isa ka haƙura. Idan an canza inji, a nuna rasit. Da yawa daga cikin masu kyan 504 motocin gwamnati ne da aka yi gwanjonsu, sai ka nemi takardar gwanjon. Waɗanda aka shigo da su ta Kwatano ko wata hanya, a nuna takardar kwastan. Mafi yawan rigima kuwa daga motar gado take fitowa: mota ta daɗe a garejin marigayi, ɗa ɗaya ya sayar, sauran magada su taso daga baya. A rubuta yarjejeniya, wakilin magada ya sa hannu da shaidu, in an riga an raba gado a ga takardar kotu. Bayan haka a bincika rajistar 'yan sanda cewa ba ta sata ba ce, a yi canjin suna. A Nijar, sunan da ke kan kart giris, wato takardar rajistar mota, shi ne abin dubawa na farko.

Wajen ƙima, babu wani littafin farashi da kasuwarmu ke bi, kuma farashin da ake gani a intanet na Turai na motocin da aka adana da tarihin gyaransu ne, ba ya aiki a kan wagon da ta yi shekara ashirin tana Kano zuwa Jos. Lissafin da ke aiki shi ne daga sama zuwa ƙasa. Nemo abin da aka sayar da mai lafiya sosai irin wannan a 'yan watannin nan, kuɗin da aka biya, ba wanda aka yi talla da shi ba. Sa makaniki, mai gyaran bodi, mai fenti, mai wayarin da mai kujeru kowa ya faɗi kuɗin aikinsa a kan wadda kake so. Tara su, ka ƙara sulusi, domin sai an kankare fenti ake ganin sauran ɓarna. Cire wannan daga farashin mai lafiyar. Abin da ya rage shi ne iyakar tayinka. Idan ya faɗo ƙasa da abin da 'yan gwangwan za su biya a kan ƙarfe mai nauyin wajen kilo 1,200, motar ta kayan gyara ce. Fentin asali ko da ya kwanta, kujerun asali, injin da lambarsa ta dace da takarda da littafin sabis suna ƙara daraja. Injin wata mota da aka dasa, rim na zamani, fitilun da aka canza da dashbod da aka yanka don rediyo suna rage ta, ko da mai ita ya kashe kuɗi a kansu. Yi maganar la'adar dillali tun farko, nawa ce kuma wa zai biya.

Da ta zama taka, kafin doguwar tafiya a canza baƙin mai, wajen lita 4, da filta. Giyabos ɗin 504 man inji yake sha, ba mai kaurin da ake zuba wa aksul ba, abin da sababbin makanikai kan kuskure. A zubar da man birki a sa sabo, a canza tiyon birki da na fetur da na ruwa duka ko da suna da kyan gani. A saita bawul inji na sanyi, 0.10mm na shiga, 0.25mm na fita, kwantak 0.40mm, a tuna kuma silinda ta ɗaya a Fijo daga ɓangaren giyabos ake ƙirga ta. Taya a karanta lambobi huɗun ƙarshe na gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Wadda ta haura shekara shida a cire ta ko da zanenta bai taɓu ba.