Kana son wasan dandamali mai waƙa da rawa? Ga yadda ake shirya mashi a Sakkwato

Duk yaron da yaz zo yana son shiga wasan dandamali irin wanda ake haɗa magana da waƙa da rawa, abin da ke fara fita bakinai shi ne "ai ina da murya". To madalla, Allah shi ƙara. Amma ƙanena kowa na da murya in yana zaune bisa benci yana shan iska. Abin da ake biɗa ga ɗan wasa shi ne ya yi rawar minti uku ko huɗu, ya tsaya cak, ya ɗauki waƙa ba tare da mutanen layin gaba sun ji yana haki ba, kuma gobe ya sake jibi ya sake. A fim ɗin Hausa situdiyo ake ɗaukar waƙar, jarumi baki kawai yake motsawa, in ya ɓata darakta ya ce a sake. Bisa dandamali babu a sake, abin da ya fita ya fita.

Don haka da numfashi za ka fara. Ka kwanta rigingine bisa tabarma, ka aza littafi mai ɗan nauyi bisa cikinka, ka ja iska ta hanci har ka ga littafin ya ɗaga amma kafaɗunka ba su motsa ba, sannan ka sake ta sannu sannu kana "sssss" kana ƙirga a zuci. Farko ƙila ka kai goma sha biyar ka ƙare, kar ka damu, kullum bayan asuba ka yi, zai ƙaru. In jiki ya saba sai ka tashi tsaye ka yi, daga nan sai ka haɗa da motsi: ka yi tsallen igiya ko ka ɗan yi gudu, kana tsayawa ka rera baiti ɗaya. Nan za ka san gaskiyar muryar taka, kuma wallahi karon farko abin kunya ne, shi yas sa ya fi kyau ka yi shi inda babu abokai.

Garin ga namu kuma ba ya tausayin maƙogwaro ko kaɗan. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu da ƙura, iska busasshiya, ka tashi da safe murya ta dushe. Maris zuwa Mayu kuma zafi ya wuce digiri 40, zufa ta kwashe ruwan jikinka tun kafin la'asar. Maganin duka biyun ruwa ne, amma ba wanda za ka ɗaɗɗaka minti biyar kafin ka hau ba, don ruwan da kas sha ba ya bi ta kan igiyoyin murya, ciki yake zuwa, sai ya ɗau awanni kafin jiki ya amfana. Tun safe za ka riƙa kurɓa. Abin da ke isa wurin kai tsaye shi ne tururi, ka zuba ruwan zafi a kwano, ka lulluɓa da tawul ka shaƙa na ɗan lokaci, ba sai ka zuba komai a ciki ba. In za ka hau kabu-kabu daga Mabera zuwa wurin rihazal, wato atisayen wasa, cikin hazo, ka rufe hanci da baki, ko da rawani ne ko takunkumi.

Shayin citta da kanumfari da zuma da kowa ke yabo, ni ma ina sha, yana da daɗi yana kwantar da ƙaiƙayi, amma ba ya gyara muryar da anka wahalar. Hutu ke gyara ta. Kuma abu biyu da mutane ke yi suna zaton taimako ne alhali ɓarna ce: raɗa da kuma yawan gyaran murya irin "ehem ehem" ɗin nan. In murya ta tafi ka yi shiru kawai, in dole ne ka yi magana a hankali da muryarka ta gaskiya. Shisha da sigari ba sai na ce komai ba. Tsire mai yaji da daddare sannan ka kwanta nan take, shi ma yana taso da ruwan ciki zuwa maƙogwaro ka tashi da kwarzababbiyar murya. In dushewar ta wuce sati biyu zuwa uku ba ta tafi ba ka bar jiƙe-jiƙe ka je ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro.

Kafin kowane rihazal ka ɗumama murya minti goma, ka rufe baki kana "mmm" daga ƙasa zuwa sama, ka kaɗa leɓɓa kana "brrr", sannan ka karanta layukanka kana buɗe baki fiye da kima. Za a yi maka dariya ranar farko, ranar ukku kowa na yi.

Sai maganar kunne. Yaran yanzu duk waƙar da anka gyara da kwamfuta suke saurare, ba laifi, amma ba za ta koya maka aikin ga ba. Ka koma ga kiɗan fada na ƙasarmu, kotson Narambaɗa, taushin Jankiɗi, ba don ka kwaikwayi muryarsu ba, ka saurari 'yan amshi. Ka ji inda suke shigowa, yadda suke karɓe layi tun uban kiɗi bai gama sauke shi ba, yadda mutum huɗu ko biyar ke numfasawa lokaci ɗaya. Wannan shi ne aikin da za a fara ba ka, don babu wanda ke shigowa a miƙa mashi babban matsayi, cikin ayari za ka fara, kuma ɗan ayarin da ke son a ji muryarsa sama da ta kowa shi ake fara sallama. Mu da munka taso da tashe ma ai mun san abin, daga goma ga azumi yara na zagaya gida gida da waƙa da shiga da ɗan wasa, wasan waƙa ke nan, ba Bature ya kawo muna shi ba.

Abin da ya kamata mu ɗauka wajen Turawa shi ne tsari. A Burodwe, unguwar gidajen wasa ta birnin Niyok, da kuma manyan gidajen wasa na Landan, wasa takwas suke yi a sati, yawanci hutun kwana ɗaya, wata da watanni ana abu guda. Suna da wanda ke haddace matsayin babban ɗan wasa yana jira ko zai yi rashin lafiya, suna da wanda ke haddace matsayin 'yan ayari da yawa lokaci guda, duk wanda bai zo ba shi ke cike gurbin. Ka zama irin wanga mutum a ƙungiyarku. Ka haddace naka ka haddace na maƙwabcinka, don ranar da wani zai ce babur ɗinai ya lalace a Kwannawa tana nan tafe, kuma ranar darakta zai san sunanka. A Legas ma tun daga mai shirya wasan dandamali Hubert Ogunde a shekarun 1940 har zuwa wasannin da Bolanle Austen-Peters ke shiryawa a gidan wasa na Terra Kulture, da irin wanga horo abin ya tsaya.

In an kira gwajin ɗaukar 'yan wasa kar ka je da waƙa mai baiti ashirin, ka zaɓi yankin da bai wuce minti ɗaya ba wanda ya zauna daidai muryarka, ka fara daga inda ke da daɗi. In anka ce tsaya ka tsaya ka yi godiya.

Bayan labule kuwa nan ne ake gane ɗan gida. A Landan minti 35 kafin a buɗe labule dole kowa na cikin gini, mu nan da ba mu da tabbacin wuta ko makirfo ka zo da awa ɗaya da rabi. Ka jera kayanka bisa tsarin da za ka sa su, na farko a sama, babbar riga a naɗe yadda kai zai shiga kai tsaye, hula a cikin takalmi don kar ka neme ta cikin duhu, zariyar wando ka gwada ta tun a gida. In kana da canjin kaya na gaggawa ka sa na biyun ƙarƙashin na farko, kuma ka roƙi mutum ɗaya tak ya tsaya maka da tocila a baki yana riƙe da rigar. Kayan wasa irin su sanda, ƙwarya, buta, kowane da wurinsa bisa tebur, wanda ba naka ba kar ka taɓa ko da kana ganin ya karkace. Makirfon da ake liƙawa a kunci zufa ke kashe shi, ka goge wurin ya bushe kafin a manna filasta, ka tabbata an sa sabon batir, kuma ka ɗauka kullum a kunne yake, an sha jin gulmar 'yan wasa ta lasifika, hol ya cika ana dariya su ba su sani ba. In kana leƙe ta gefen labule kana hango 'yan kallo, to su ma suna hango ka.

NEPA za ta ɗauke wuta, wannan ba a tambaya. Kafin janareta ya tashi kar ka tsaya kana kallon sama, ka ci gaba da muryarka, mai kalangu ba ya buƙatar wuta. Shi yas sa nake so a riƙa rihazal wani lokaci babu makirfo sam.

Abinci, awa biyu zuwa uku kafin wasa, kuma mara nauyi. Fura da nono ka bar ta sai an tashi, in ba haka ba tsakiyar rawa za ka ji ta.

Ga ƙannena mata musamman, da ma mazan, kar a fara da ɓoyo. Ki gaya wa Baba da Inna, in da hali shugaban ƙungiya ya je da kansa ya gaishe su ya faɗi inda ake rihazal da lokacin tashi. Ƙungiyar kirki tana tsayawa in an kira salla, tana sallamar mata kafin magariba, tana da ɗakin canjin kaya daban, kuma ba ta sa rawar da za ta sa a kasa gayyatar iyaye. Wadda ba ta da waɗanga ku bar ta, garin ga ƙarami ne.

Kuɗi kuma, gaskiya kar ka bar makaranta ko shago saboda wasa. Aikin na zuwa ne jefi jefi: bikin yaye ɗalibai, wasan faɗakarwa kan rigakafi ko karatun 'ya'ya mata, wasan rediyo, tallar rediyo, wani lokaci tawagar jiha in za a je bikin al'adu na ƙasa wato NAFEST. Mai son karatun abin sosai akwai sashen wasan kwaikwayo a ABU Zariya. Kuma kowane aiki anka kira ka, ka tambayi nawa ne da ranar biya da wanda zai ɗauki kuɗin mota tun kafin rihazal na farko, in son samu ne a rubuce ko da saƙon WhatsApp ne, don bayan an tafa an watse wayar mai shirya taro ba ta cika shiga ba.