Yadda na gyara dokina da ya ƙi natsuwa a barga

Tun da na sayar da abokin zamansa bayan Hawan Magajiya, dokin nan ya sauya. Sai ya tsaya bakin ƙofar barga yana kaɗa kai dama da hagu, yana sauya ƙafa, ga haniniya har asuba. Harawarsa ma rabi yake ci.

Na ɗauka ciwon ciki ne, na ba shi kanwa, shiru. Likitan dabbobi ya duba, ya ce lafiyarsa ƙalau, kaɗaici ne. Shi ya kawo shawarar madubi: doki dabbar garke ne, in ya ga kamar ɗan'uwansa a gefe hankalinsa kan kwanta.

Na samo madubin roba mai faɗin mita 1, tsawon mita 1 da rabi. Kada wanda ya sa na gilashi, harbi ɗaya ya tarwatse. Kafinta ya liƙa shi a kan katako, muka ɗaure da noti a bango, daidai tsayin kansa.

Kuskurena na farko, na kafa shi saman komin abinci. Ingarma ne, sai ya ɗauka wani ya zo cin rabonsa, ya kwantar da kunne yana kai cizo. Na cire, na mayar bangon gefe kusa da ƙofa, inda yake yin kaɗa kan, nesa da abinci da ruwa, kuma inda hasken ranar Daura ba ya dukansa. Na bar masa kusurwa ɗaya da ba ya hangen madubin, in ya gaji da kallo.

Kwana biyu na farko ina tsaye ina lura. Ya shinshina, ya yi huci, ya ƙyale. Cikin mako guda kaɗa kan ya ragu sosai, ya koma cinye harawarsa. Alhamdulillahi, na gode wa likitan.