Kurakuran da Ke Kashe Sabuwar Giyar Aksil Kafin Ta Cika Kilomita 800

Masu Hilux da Land Cruiser da ke shiga ƙauyukan Mai'adua da Zango da Baure sukan sa wa motocinsu manyan tayoyi saboda yashi, sai kuma motar ta yi nauyin tashi, abin da ke sa a canza giyar aksil, wato haƙoran da ke karɓar juyin farfela su kai wa tayoyi, daga lamba irin 4.10 zuwa 4.56 ko 4.88 (lambar tana nuna sau nawa farfela ke juyawa kafin taya ta juya sau ɗaya). Aiki ne mai cin kuɗi, kuma abin takaicin shi ne sau da yawa makanike ya yi nasa daidai, amma mai motar ya ƙona giyar da kansa a makon farko.

Tushen matsalar zafi ne. Babban haƙori mai zagaye da ƙaramin da farfela ke juyawa suna gugar juna ne yayin da suke aiki, kuma tun da sababbi ne, fuskokinsu ba su gama zama a kan juna ba, don haka gugar tana haifar da zafin da ya fi na tsohuwar giya nesa ba kusa ba. Idan zafin ya haura digiri 120 ya daɗe a haka, man giya yakan tsinke ya kasa raba ƙarfe da ƙarfe, fuskar haƙoran ta ƙone maimakon ta yi santsi ta ƙara tauri, kuma wannan ɓarna ba ta gyaruwa sai da sabon saiti.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya karɓi mota a gareji a Katsina ya kama hanyar Daura kai tsaye, tafiyar kusan kilomita 80 ba tsayawa, da sunan gwaji. Abin da masu ƙera giyar ke shawarta shi ne tafiyar farko kada ta wuce kilomita 25 zuwa 30, gudun kuma ya tsaya ƙasa da kilomita 90 a awa, ana ragewa ana ƙarawa, ba fizga, ba taka totur har ƙasa. Daga nan a ajiye motar a inuwa har aksil ɗin ya huce gaba ɗaya, sannan a maimaita sau biyu ko uku. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin garin nan kan kai digiri 40, rabin awa ba ya isa ƙarfe ya huce, shi ya sa na fi ganin a yi zagaye ɗaya bayan sallar asuba, a bar na biyu sai bayan la'asar. Wanda ba shi da na'urar auna zafi zai iya kusanto da bayan hannunsa a hankali, in har akwatin aksil ɗin yana da zafin da ba ya taɓuwa, to lokacin tashi bai yi ba.

Sai batun kaya. Kafin a cika kilomita 800 bai kamata a ja wata mota ba, ko a cika baya da buhunan gero ko siminti, ko a shiga yashi mai zurfi inda taya za ta yi ta tono. Ko bayan an cika, jan nauyi na farko shi ma a yi shi guntu-guntu, kimanin kilomita 25 a huta, har sau uku, domin nauyi yana sa haƙoran su haɗu a wuraren da ba su taɓa haɗuwa ba.

Akwai wanda mutane ƙalilan ne ke lura da shi, wato aksil ɗin gaba. A motocin da sai direba ya sa giyar taya huɗu da hannunsa, haƙoran gaba ba sa ɗaukar nauyi muddin ana tafiya da tayoyin baya kaɗai. Mutum zai yi kilomita 800 a kwalta yana ganin ya gama, alhali na gaba yana nan ɗanye, ranar da ya faɗa yashi mai nauyi ne zai fara aiki, kuma a mafi munin yanayi. Gyaran shi ne a nemi hanyar burji ko ta ƙasa mai laushi, a sa taya huɗu, a yi masa nasa gajerun zagayen da hutu a tsakani. Kada a yi hakan a busasshiyar kwalta, saboda farfelar gaba da ta baya za su riƙa ɗaure juna a kwana. Haka nan dole lambar giyar gaba ta zama daidai da ta baya.

Wasu kuma suna ƙyashin zubar da man da bai daɗe ba. Man farko yana kwashe garin ƙarfe da baƙin shafin da aka yi wa haƙoran a masana'anta, don haka a juye shi a kilomita 800, a zuba mai lambar GL-5, kamar 80W-90 ko 85W-140 gwargwadon abin da mai ƙera giyar ya ce, a ƙara masa sinadarin da ya dace idan aksil ɗin mai kulaci ne a ciki. A duba maganaɗisun da ke jikin noti na juye mai: baƙin gari mai laushi kamar kwalli ba abin damuwa ba ne, amma ɓarɓashin da yatsa ke ji alama ce ta haƙori ko boris na cinyewa. Da damina, in an ratsa rafi aksil na da zafi, yana iya zuƙar ruwa ta ƙofar numfashinsa, kuma man da ya yi fari-fari a canza shi nan take ba tare da jiran lissafin kilomita ba.

Idan kuwa aka ji kuka mai tsini daga baya tun ranar farko, ko a lokacin taka totur ko a lokacin sakinsa, kada a yarda da maganar cewa zai daina in giyar ta saba. Irin wannan kuka yawanci daga saiti ne, ko tazarar da ke tsakanin haƙoran, ko zurfin ƙaramin haƙori, ko ɗaurin boris, kuma da zarar haƙoran sun ci juna a karkace, sake saitin ba zai kashe ƙarar ba. A mayar da motar gareji a ranar, a ce wa maigidan ya buɗe ya shafa fenti a haƙoran, a ga inda suke haɗuwa da ido.